Saƙon da Aka Bar wa Akawali

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari ba shi da suna a bakin ubansa. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya ce mini zo ko tafi ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kowa ya san kunyar ɗan fari. Sai dai wasu iyayen sukan sassauta idan ɗa ya fara gemu, nawa uban kuwa ya riƙe ta tamau kamar farilla. Ina ɗan shekara biyar mahaifiyata ta rasu, kawuna ya ɗauke ni ya kai ni birnin Kano. Can na tashi, can na koyi ɗinkin keke. Karaye, garin da aka binne cibiyata, ta koma garin da nake zuwa ziyara, wani lokaci sai in shekara biyu ban leƙa ba.

Ziyarar da zan ba da labarinta a zamanin Turawa na yi ta, bayan yaƙinsu na biyu ya ƙare da 'yan shekaru. Lokacin na ƙudura tafiya Kumasi, don an ce teloli suna samu a can. Irin wannan tafiya a wancan zamani ba a sa mata ranar dawowa. Abokan tafiyata biyu mutanen Rogo ne, mun yi da su zan same su a garinsu ranar kasuwa, daga nan mu nufi Zariya mu shiga jirgin ƙasa. Da farko na so in ba da sallahu kawai a gaya wa mahaifina, sai kawuna ya ce zuwa da kai ya fi aike, kuma ba a yin nisa irin wannan ba tare da albarkar uba ba. Ni ma albarkar nake so, amma na ɗaura mata sharaɗi a zuciyata wanda ban gaya wa kowa ba. Ina so in ji ta daga bakinsa zuwa kunnena, ni da shi, ko da sau ɗaya ne a duniya.

Mota ta sauke ni a Gwarzo, na ƙarasa da ƙafa. Farkon kaka ne, dawa ta sunkuyar da kai, ciyawa ta kai ƙugu, hanya duk ƙamshin gyaɗar da aka tuge. Tun kafin ka shiga Karaye za ka san ka zo garin dawaki. Kashinsu ne a kan hanya, haniniyarsu ce ke fitowa ta bayan katanga. A lokacin duk gidan da yake ji da kansa akwai turke a ƙofarsa ko a bayan zaure. Idan dattawa suka zauna a inuwa, gaisuwa tana ƙarewa sai zancen doki: na wane ya yi ciwon ciki, goɗiyar wane ta haihu, wane ya saya an cuce shi. Mu 'yan birni da muka saba da zancen farashin yadi sai mu zama kurame.

Mahaifina shi ke kula da bargar gidan hakimi. Shi ya san wanda za a ba kanwa da wanda za a rage wa dusa. Idan Bature ya zo rangadi, shi ake sa ya zaɓo masa doki mai haƙuri wanda ba zai kunyata gari ba. Amma yana da nasa na kansa guda ɗaya, baƙi wuluk, irin wanda ake ce wa akawali, kuma da wannan kalma yake kiransa. A gindin turkensa na same shi da la'asar, yana sosa masa wuya da wani guntun buhu.

Na ajiye ƙunshina, na cire takalmi, na durƙusa.

"Baba, barka da yamma. Mun same ku lafiya?"

Bai waiwayo ba. Ya ci gaba da sosar, ya ce, "Akawali, ashe baƙo muka yi. Ka tambaye shi ya hanya, ya ya baro mutanen birni."

Na ce, "Lafiya lau suke, Baba. Kawu yana gaisuwa."

"Muna amsawa. Ka ce masa ya shiga ciki, gwaggonsa ta dama fura tun ɗazu."

Haka muke magana, ni da ubana, tun da na yi wayo. Kafin Akawali akwai wani jan doki, shi ma ya yi mana wannan aiki har ya mutu. Ina yaro abin yana ba ni dariya. Da na girma ya daina.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ke riƙe da gidan tun da mijinta ya rasu. Ita ba ruwanta da kunya, bakinta kuwa ba ya hutawa. Tana ganina ta ce, "Lale da ɗan birni, mai wandon da bai san ƙaya ba. Zo in gan ka. Wannan ramar fa, kawun naka da awo yake ba ka tuwo?" Da na zauna ina shan fura sai ta rage murya ta ce, "Ka ga ubanka can? Tun da aka ce kana tafe bai zauna ba. Sau uku yau yana wanke dokin nan, saura kaɗan ya saɓule masa fata." Na ce mata ai doki ya ji daɗi. Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce zuciyar nan tawa ta uwata ce, Allah ya ji ƙanta, ita ma haka take da saurin hawa.

Kwana uku na yi. Kowace safiya bayan ya gama da bargar hakimi, mahaifina yakan fita kilisa da Akawali, wato ya zaga da shi don ya motsa jini. A wannan zuwan sai ya ƙi hawa, ya riƙe ragama yana tafe a ƙasa, ya ce, "Akawali, in baƙonmu ba ya jin ƙiwa, ya zo ya ga gari." Sai in bi su a baya. Muka bi gefen tsohuwar ganuwa, inda ruwan sama ya zaizaye ta har awaki suna hawa. Ya tsaya ya nuna wa dokin inda ƙofa take a da, da inda kakansa ya ce maharba suke laɓewa idan mahara suka taso. Ya nuna masa wata kuka mai rami a ciki, ya ce shekarar da aka yi yunwa ganyenta ne ya riƙe unguwarmu. Duk wannan tarihi doki ake ba, ni ina tsintar abin da ya faɗo. Akawali kuwa ciyawar bakin ganuwa ce a gabansa.

A rana ta biyu hanya ta biyo da mu ta bayan maƙabarta. Mahaifina ya rage tafiya, ya ce a hankali, "Akawali, sassauta. Uwar baƙon nan tana nan, wajen bishiyar marken can." Ya tsaya, leɓensa yana motsi, na tsaya ni ma na yi addu'a. Shekara ashirin ban san takamaiman inda take ba sai ran nan. Amma maimakon in gode, sai haushi ya kama ni. Na ce a raina, ko kabarin uwata ma sai ta bakin dabba zan sani.

Da yammar ranar na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na durƙusa a inda na saba, na ce zan tafi Kumasi neman abinci, ban san ranar dawowa ba, na zo sallama. Hannunsa ya tsaya cak a kan gezar dokin. Sannan ya ce, "Ka ji, Akawali. Kumasi." Ya sunkuya ya kwance igiyar turke, ya sake ɗaure ta yadda take, ya kuma kwancewa. Na jira har ƙafata ta yi sanyi, bai ƙara komai ba. Gwaggo ce ta yi kuka a madadin kowa, tana yi tana yi mini faɗa, wai me Kumasi ta fi Kano in ban da ruwan sama da nisa.

Ranar tafiya bayan mun idar da asuba na fito da ƙunshina, sai na tarar an ɗaura wa Akawali sirdi, an shimfiɗa masa jalala, shimfiɗar sirdin da ba a fito da ita sai da dalili. A gefe ga wani ƙuru, ɗan guntun doki da ya aro a maƙwabta. Ya ce, "Akawali, ka kwana biyu ba ka yi doguwar tafiya ba, yau Rogo za ka. Ka ce wa baƙo ya hau, kada ya ja linzami da ƙarfi, bakinka ba ya son haka." Gwaggo tana bakin zaure, na ga ta kama haɓa. Duk garin an san ba a hawa dokin nan, ɗan hakimi ma ya taɓa nema an ba shi haƙuri. Na san da haka sarai. Amma mai jiran abu ɗaya ba ya ganin goma da aka ba shi, na hau fuskata a ɗaure.

Hanyar Karaye zuwa Rogo a irin wannan lokaci tana da kyau, ko da yake sai daga baya na tuna da kyanta. Ɗorawa da kaɗanya a tsaitsaye cikin gonaki, manoma suna ɗago kai su gaishe da mahaifina, zabin daji suna tashi daga cikin ciyawa. Shi yana gaba a kan ƙuru, ƙafafunsa sun kusa taɓa ƙasa, ni ina bisa ingarma. Da muka iso kogin Calawa ruwa bai gama janyewa ba. Ya sauka ya naɗe wando, ya kama linzamin Akawali ya shiga gaba yana laluben mashigi da ƙafa, ruwa har ƙirjinsa, yana cewa, "A hankali, kayan da ka ɗauko ba na jiƙewa ba ne." Mashigin nan yanzu yana ƙarƙashin ruwan dam, na taɓa zuwa neman wurin ban gane shi ba.

Gaba kaɗan, a wata fadama, muka wuce masu mazarƙwaila. Sun ɗaura wani tsohon doki a jikin doguwar itaciyar injin matse rake, yana ta zagaye wuri ɗaya, haƙarƙarinsa duk a waje. Mahaifina ya kau da kai ya ce, "Kada ka duba, Akawali. Ba za ka zo nan ba ina raye." Na ce a raina, to, doki ya samu nasa alkawarin, saura ni.

Rana ta ɗan karkata muka hango Rogo, ana jiyo hayaniyar kasuwa. Akwai wata tsamiya a bakin gari inda masu rakiya suke juyawa. Nan ya sauka, ni ma na sauka na kwance ƙunshina. Ya haɗa linzaman biyu a hannu ɗaya, ya dafa goshin Akawali da ɗayan. Na durƙusa. Na san in za a faɗa, yanzu ne.

Ya gyara murya ya ce, "To, Akawali, ga inda ƙafarmu ta tsaya. Ka gaya wa baƙonmu ya riƙe salla. Ka gaya masa ƙasar mutane ba a shigarta da faɗa, ya rage zuciya. Ka gaya masa, ni dai tun ranar da aka haife shi..."

Nan na hau dokin zuciya. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Baba, ga ni a gabanka. Ni ba na jin dokanci. In da magana a faɗa mini, in babu in kama hanya, mutane suna jirana."

Magana zarar bunu ce. Tun kafin in rufe baki na so in mayar da ita, ba hali. Mahaifina ya sauke hannunsa daga goshin dokin. Ya ɗago kai a hankali, idonsa ya zo har wajen ƙirjina ya tsaya, ya kasa ƙarasawa sama. Dattijo mai furfura, wanda ingarmu suke jin muryarsa su natsu, ya tsaya yana kokawa da harshensa a gaban ɗan cikinsa. Can ya ce, "To."

Ita ke nan kalmar da ubana ya taɓa faɗa mini baki da baki. Ya juya ya hau ƙuru, ya ja Akawali a baya, sirdi ba kowa, likkafu suna lilo. Na tsaya ina kallonsu har dawa ta rufe su. Da na bi shi da gudu na kama ƙafarsa, da an wuce wurin. Girman kai ya hana ni, na ce idan na dawo na gyara.

Shekara tara na yi a Kumasi. Na samu daidai gwargwado, na yi aure, aka haifa mini ɗa namiji. Na yi rantsuwa ni ba zan yi wa nawa ɗan irin wannan kunya ba, zan kira sunansa safe da yamma. Ranar da ya fara tafiya, yana tangaɗi ya nufi wajen murhu, na buɗe baki in kira shi, sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Abin da na ji ya fito daga bakina shi ne, "Ke, ɗauke yaron nan." Na koma kan keke na zauna, na kasa taka shi. A ranar na gane abin da na nema a wurin mahaifina a gindin tsamiya, na kuma gane ba rashin so ne yake ɗaure harshe ba, wani lokaci yawansa ne. Na ɗinka wa mahaifina riga ta shuɗi na aika, na ce bana zan je, baɗi zan je. Ana haka wani falke mai goro ya zo da labari cewa mai bargar hakimin Karaye ya rasu, har an yi sadakar arba'in.

Da na iso gida gwaggo ta tsufa ƙwarai, bakin nan ya mutu. Ba ta ce mini ɗan birni ba, ta rungume ni kawai. Bayan an gama gaisuwa na leƙa bayan zaure, ga Akawali a turkensa. Bayansa ya lotsa, furfura ta fito masa a kewayen ido, baƙin nan ya koɗe. Dangi sun riga sun yi shawara, masu mazarƙwaila sun zo sun gan shi, ni ake jira a matsayina na babba in sa baki. Na ce ba inda za shi. Wani ƙanen mahaifina ya ce tsohon doki ci kawai yake yi, na ce ya ci, ni zan nemo harawar.

Da muka keɓe na tambayi gwaggo abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Gwaggo, ranar da ya raka ni Rogo ya fara wata magana na katse shi. Ya taɓa gaya miki ƙarshenta?"

Ta ce, "Na tambaye shi, ɗan nan. Da ya dawo ranar bai ci tuwo ba, na matsa masa. Ya ce saƙo ne, ya bar wa Akawali, idan mai shi ya zo ya karɓa."

Ta murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Rigar da ka aiko, sai da ya kai ta turke ya nuna masa kafin ya sa. Kuma kullum da safe in yana ba shi dusa, sai ya kai baki wajen kunnensa yana magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauka addu'a ce. Wata rana na zo wucewa da ƙwarya, na ji. Sunanka yake kira. Sunanka na yanka, sau uku, sau huɗu, kamar mai koyon faɗarsa."

Baƙin cikin da na ji a ranar ya fi na ranar da labarin rasuwar ya same ni, kuma har yau da nake tsoho bai gama sakina ba. Da na sani ƙeya ce. Albarkar da na je nema an ɗauko ta, an fara miƙo mini, ni na buge hannun saboda ban so ƙwaryar da aka zubo ta ba.

Washegari da hantsi na jiƙa dusa da ɗan kanwa na kai masa. Na ɗauki guntun buhun da yake rataye a jikin danga na sosa masa wuya, ya juyo ya shinshina rigata. Duk abin da ubana bai faɗa mini ba cikin shekara talatin da wani abu yana cikin kunnuwan nan biyu. Na cire takalmi na durƙusa a inda na saba durƙusawa.

Na ce, "Akawali, ka gaya masa baƙo ya dawo. Ka ce masa ya ƙarasa maganar, ina saurare."

Ya kaɗa kunne ya kori ƙuda, ya mayar da kai cikin dusa. Na zauna a wurin har inuwar zaure ta bar mu.